Mako biyu ina zargin sabuwar salula da laifin da ba nata ba

Na yi shekara tara ina riƙe da ƙaramar salula mai maɓallai, irin wadda ake yi wa caji sau ɗaya ta kwana huɗu, kuma a iya sanina mutum ya sa sim ya kunna waya, magana ta ƙare. Abin da ya sa na sake waya shi ne ɗiyata ta fari da ke karatu a Yamai, wadda ta gaji da sayen kati don kirana alhali abokan karatunta suna magana da iyayensu ta WhatsApp, ga kuma abokan aikina malaman makaranta da suka buɗe zaure suna aika sanarwa a ciki, ni kuwa sai dai in ji labari bayan an gama. A hutun damina na bara, wata ranar Asabar da hantsi, na je wani shago kusa da Kasuwar Dole a nan Damagaram na sayi babbar waya mai gidan sim biyu a kan jika 78 na sefa. Mai shagon ya ba ni resi, ya rubuta da hannunsa a bayan takardar cewa ya ba ni garanti na wata ɗaya muddin ba a buɗe wayar ba. Da aka zo sa sim sai aka ga nawa ya yi wa gidan girma, domin tsohon yanka ne, sabuwar wayar kuwa mafi ƙanƙanta take ɗauka. Wani yaro da ke zaune a bakin shagon ya karɓa ya datse shi da wani ƙarfe mai kama da abin huda takarda, ya goge gefen a jikin siminti, na ba shi dala 20. Na lura sai da ya danna da ƙarfi kafin gidan sim ɗin ya shige, amma ban ɗauki abin da muhimmanci ba. Mai shago ya haɗa wayar da intanet na shagonsa ya saukar mini da WhatsApp, na aika wa ɗiyata gaisuwa ta amsa nan take, na fito ina murna. Wannan gwajin shi ne ya fara ɓatar da ni, domin saƙon ta intanet na shago ya bi, layina ko kaɗan bai taɓa shi ba.

Gidanmu yana cikin Birni, kuma ɗakin da nake kwana soro ne na ƙasa da muka gada, mai kaurin bango, da ƴar taga guda ɗaya. Ina shiga na ga sandunan rezo sun sauko daga huɗu zuwa ɗaya, jim kaɗan suka ɓace, wayar ta rubuta da Faransanci cewa kiran gaggawa kawai za a iya yi. Na fita tsakar gida suka dawo, na koma ɗaki suka sake gudu, wani lokaci kuma ta ce babu sim a cikinta gaba ɗaya sai na kashe na kunna. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a kan wannan teburin ne tsohuwar wayata ta yi shekara tara tana nuna sanduna cike. Na sayi forfe, wato katin intanet, na mako a kan jika guda, saƙon tabbatarwa ya iso, amma duk abin da na aika sai ya tsaya da ƴar alamar agogo a gefensa. Uwargida ta leƙo ta ce, “Malam, jika 78 ka kai kasuwa ka sayo madubi?” Ban tanka ba, domin a lokacin ni ma abin da zuciyata ke faɗa ke nan.

Lahadi da Litinin na ɓatar da su a majalisarmu ta ƙofar gida, inda wayar ta bi hannu ya fi shida. Wannan ya ce a kunna alamar jirgi a kashe, wancan ya ce a fitar da sim a goga a riga, wani ya danna wasu lambobi da ya haddace, wani kuma ya shiga cikin saiti ya juya abubuwan da shi kansa bai iya gaya mini ko mene ne ba. Kowa da kyakkyawar niyya ya yi, amma zuwa daren Litinin ban san abin da aka canja da abin da aka bari ba, kuma da a ce wani cikinsu ya dace da gyara, da na gaba ya warware shi ba tare da an sani ba.

Ranar Talata na hau kabu-kabu, dala 50, na je layin masu gyaran waya. Na sami wani matashi a ƴar rumfa, gabansa cike da gawawwakin wayoyi da fitilar tebur. Na yi masa bayani, ya juya wayar sau biyu a hannu, ko sim bai fitar ba, ya ce, “Malam, sai an wanke ta.” Ban tambayi ma'anar wanki ba, kuma wannan laifina ne. Na biya jika 3, na zauna a benci kusan awa guda, ya miƙo mini waya ta koma yadda ta fito daga kwali. Hotunan sunan jikan maƙwabcina da na ɗauka ranar Lahadi, waɗanda su ne na farko da na taɓa ɗauka da hannuna, duk sun tafi, WhatsApp ɗin da aka saka mini shi ma ya tafi, rezo kuma yana nan yadda yake. Da ya ga haka sai ya ce to matsalar daga ciki take, sai an buɗe an canja abin kama rezo, jika 12. Allah ya taimake ni na tuna rubutun da ke bayan resi, na ce a bari tukuna. Amma ban tsira gaba ɗaya ba, domin kafin in tashi ya nuna mini wata ƴar takarda mai ruwan zinariya da zane-zane kamar na cikin rediyo, ya ce idan aka manna ta a bayan waya tana jawo rezo. Na saya a kan jika guda. Ina rubuta wannan ne da kunya, amma na san ba ni kaɗai na taɓa saye ba.

Washegari na koma wurin mai shago da kwali da resi, na shirya faɗa, niyyata ya canja mini waya ko ya maido kuɗina. Mutumin ya saurare ni har na gama, ya ce in zauna, sa'an nan ya yi abin da ya kamata a yi tun ranar farko, wanda bai ci ko dala ba. Ya fara danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar waya mai alƙaluma 15, ta fito, ya gwada ta da wadda ke jikin kwali ya nuna mini sun yi daidai, wato wayar ita ce ta cikin kwalin. Bayan haka ya kashe intanet na shago, ya fitar da sim ɗina ya sa nasa, cikin ƙasa da minti ɗaya alamar 4G ta bayyana, ya buɗe wani bidiyo ya yi ta tafiya ba tsayawa. Ya ɗauki nawa ya sa a tasa wayar, ita ma ta ƙi nuna 4G, da ya ɗan matsa gefen gidan sim ɗin kuma sai ta ce babu sim. Ya ɗora shi a tafin hannu ya nuna mini yadda yankan ya karkace har ya ci bakin ƙarfen. Ya ƙara da cewa ƙaramin sim na asali ya fi tsohon sirantaka kaɗan, shi ya sa yankakke yake cijewa a gidan, kuma sim ɗin da aka yi tun zamanin da babu 4G ba ya hawa 4G ko a wace waya aka sa shi. Ya ce, “Malam, wayarka lafiyarta lau. Ka je ajans su sake maka sim, lambarka ba za ta canja ba.” Na fito jikina a sanyaye, na je da faɗa na dawo da bashin godiya.

Ranar Alhamis na isa ajans, wato ofishin kamfanin layina, da ƙarfe takwas da rabi, ina ganin na yi sammako, na tarar kujeru sun cika har wasu na tsaye a inuwar bango. Mai gadi ya ba ni ƴar takarda mai lamba 37. Mafi yawan mutanen da na zanta da su a kan layi, ko dai an sace musu waya suna son a maido lamba, ko sun manta lambar sirrin asusun kuɗinsu na waya. Sai wajen sha ɗaya saura aka kira ni. Ma'aikaciyar ta tambayi lambata, ta karɓi katina na ɗan ƙasa, ta duba kwamfuta, ta sake duban katin, ta ce, “Baba, wannan layin ba da sunanka yake ba.” Nan take na tuna cewa yayana ne ya saya mini shi shekarun baya, kuma da katinsa aka yi rajista. Na yi ta bayani cewa uwa ɗaya uba ɗaya muke, cewa shekara tara layin yana hannuna, na ce ta kira kowace lamba a ciki ta tambaya. Ta ce ta yarda da ni, amma ba ta da ikon sake sim sai mai sunan ya zo da kansa da katinsa na asali wanda wa'adinsa bai ƙare ba, ko kuwa in sayi sabuwar lamba da sunana a ba ni a take. Raina ya ɓaci ƙwarai, awa biyu da wani abu a zaune sannan a sallame ni cikin minti huɗu. Sai a kan hanyar gida na yi wa kaina adalci: da a ce duk wanda ya zo da lamba da labari mai daɗi ana ba shi sabon sim, da kowane ɓarawo ya iya karɓe layin mutum da kuɗin da ke cikin asusunsa. Sabuwar lamba kuwa ban so ba, domin iyayen yara da dangi na karkara duk wannan suka sani.

Yaya yana zaune a Miriya, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba, amma damina ce yana fama da noma, kuma ba ya shigowa Damagaram sai ranar kasuwa. Na kira shi, ya yi dariya ya ce, “Kai da karatunka waya ta gagare ka?” Muka yi alkawarin Alhamis ta gaba. Cikin wannan makon na maida yankakken sim ɗin cikin tsohuwar waya da taimakon wani ɗan firam na roba, ina amsa kira da ita, sabuwar kuma na sa mata wani layi na uwargida da ba ta amfani da shi, a gida na biyu, don kada ta zauna haka nan. Forfe ɗin da na saya ya ƙare ban ci ko mega ɗaya ba. Abu ɗaya mai amfani da na yi shi ne bin shawarar ma'aikaciyar, wadda ta gargaɗe ni cewa lambobin mutane da ke ajiye a cikin tsohon sim ba za su biyo sabon ba. Dare uku na yi ina kwafe su da biro a littafin rubutu, lamba 180 da ƴan kai, har da na mutanen da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda na kasa tsallakewa.

Alhamis ta biyu mun isa tun kafin a buɗe ƙofa, muka sami lamba 6. Na riga na yi hoton katunanmu biyu a wani shago da ke kusa, dala 10 kowanne, kuma an karɓa. Ma'aikaciyar ta gane ni, ta gaida Yaya, ta ba shi takarda ya sa hannu, ta tambaye shi ko ya amince a maida layin da sunana gaba ɗaya, ya ce ai tuni ya kamata. Aka cika wata takardar, ni ma na sa hannu, na biya jika guda. Ta ba ni kati mai girman katin banki, sim ɗin yana tsakiya da yanka uku a jere, babba da matsakaici da ƙarami, mutum ya ɓalle wanda ya dace da wayarsa da yatsa ba tare da almakashi ba. Ta nuna mini lambar PUK a jikin katin ta ce in adana, domin ita ce ke buɗe sim idan aka yi kuskuren lambar sirri sau uku. Duka aikin bai wuce minti 25 ba. Waɗannan su ne abubuwan da aka nema a wurina a ranar, kuma ya fi kyau mutum ya leƙa ya tambaya kafin ya ɗauko wani daga nesa. Tsohon sim ya mutu tun muna bakin titi, sabon kuwa bai tashi ba sai bayan sallar Azahar, kuma sa'o'in nan uku da na yi ba ni da layina sun yi mini tsawo, ina ta kashe waya ina kunnawa. Da ya tashi, kira ya shiga tangaram, wayar ta daina cewa babu sim. Saƙonni suka shigo a jere, cikinsu har da wani da ya nemi in amince a girka wani abu, ni kuwa da na sha jin labarin ƴan damfara sai na goge shi. Na sayi ƙaramin forfe na dala 100, na roƙi wani yaro ya maido mini da WhatsApp ta wayarsa, na aika gaisuwa. Alamar agogo ta sake tsayawa. A daren nan na sa wayar cikin kwali na tura ƙarƙashin gado.

Wanda ya warware sauran shi ne ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar André Salifou, ya zo gaishe mu ranar Asabar. Na ba shi labari tun daga farko, ya ce, “Kawu, kawo ta, amma abu ɗaya-ɗaya za mu taɓa, in bai yi ba mu maida shi yadda yake.” Ya shiga saiti, wato alamar nan mai kama da haƙoran inji, ya buɗe sashen sim. Abu na farko da ya gani shi ne wayar tana neman intanet ta layin uwargida da ke gida na biyu, wanda babu ko sisi a cikinsa, domin lokacin da na sa shi shi kaɗai ne a ciki, wayar kuma ta riƙe wannan zaɓin. Waya mai sim biyu layi ɗaya take ba intanet a lokaci guda, kuma mai ita ne zai nuna mata wanne. Ya maida zaɓin kan layina, muka jira, ba abin da ya motsa. Sai ya shiga wurin da ake kira APN, ya nuna mini shafin fayau babu komai. Ya yi mini bayani cewa APN kamar sunan ƙofa ne da waya ke faɗa wa kamfani kafin a buɗe mata hanyar intanet, cewa yawancin wayoyi suna zuwa da na kamfanoni da yawa a cikinsu, amma wani lokaci ba a samun na wani kamfanin, shi ya sa layin mai shago ya yi aiki nawa bai yi ba. Saƙon da na goge ranar Alhamis, ashe shi ne kamfani ya aiko don ya cika wannan gurbin. Muka kira sashen kula da abokan hulɗa, muka jira kamar minti bakwai ana sa mana kiɗa, wata murya ta karanto mana kalmar da za a rubuta. Ya buɗe sabon shafi, ya rubuta suna, ya rubuta kalmar da ƙananan baƙaƙe ba tare da tazara ba, ya nuna mini wani layi da ke ɗauke da 614 ya ce lambar Nijar ce a tsarin wayoyin salula, kada in taɓa ta. Ya adana, ya danna ɗan da'irar da ke gefen sunan, domin in ba a danna ba an yi aikin banza. Ban gama gyara zama ba alamar 4G ta fito, wayar ta kama kuka ba ƙaƙƙautawa. Saƙonnin murya na ɗiyata ne na mako biyu suke shigowa, na farkonsu tana cewa, “Baba, ka iya kuwa?” na ƙarshe kuma tana tambayar ko lafiya.

Saura batun ɗaki, wanda shi ne ya fara tayar mini da hankali. A nan ne na koyi abin da ya fi kome amfani a cikin wannan wahala. Yaron ya ce in daina kallon sanduna, domin kowane kamfanin waya da yadda yake zana nasa, sanda uku a wannan wayar tana iya zama biyu a waccan. Ya kai ni can ƙasan saiti, sashen bayanin waya, wurin halin da sim yake ciki, inda ake nuna ƙarfin rezo da lamba mai alamar ragi a gaba da baƙaƙen dBm a baya. Ya ce duk lokacin da lambar ta ƙaru to rezo ya ragu, a 4G kusan 80 ƙarfi ne sosai, 100 ana lallaɓawa, daga 110 zuwa sama kuwa sai haƙuri, kuma bambancin 10 a wannan ma'auni yana nufin ninki goma. Muka zagaya gidan da waya a hannu kamar masu neman wurin haƙa rijiya, muna tsayawa rabin minti a kowane wuri lambar ta natsu. A kan teburina ta nuna 114. A jikin taga 101. A tsakar gida 95. A ƙarƙashin rumfar da ke kusa da zaure, inda babu abin da ya tare gabas, 88. Tsakanin teburina da rumfar taku goma sha biyar ne, amma rezo ya ninka sau ɗaruruwa. Da na tambayi dalilin da tsohuwar waya ke cika a kan teburin, ya ce ita 2G take nunawa, kuma a cikin zangon igiyoyin da rezo ke tafiya a kansu, wanda ke ƙasa, irin na 900, ya fi nisan tafiya ya fi ratsa bango, na sama kamar 1800 da 2100 kuwa bango mai kauri yana cinye su da sauri, balle na ƙasa da ya sha ruwan damina. Ga kuma duwatsun Birni, waɗanda duk wanda ya san unguwar ya san girmansu, idan suka shiga tsakanin gida da ƙarfen rezo. Wato wayoyin biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba, ni kuwa na yi mako biyu ina gwada su. Kafin mu zauna ya ɓamɓare takardar zinariyar nan daga bayan wayar muna kallon lambar, ba ta motsa ba ko da ɗaya. Abin da ya motsa ta shi ne da na damƙe ƙasan wayar da tafin hannu, ta ƙaru da uku ko huɗu.

Ya kuma nuna mini wurin zaɓen nau'in rezo, ya ce in bar shi a kan zaɓin da waya ke sauyawa da kanta tsakanin 4G da 3G da 2G. Dalili shi ne a layuka da yawa kira ba ya bi ta 4G, idan an kira mutum wayar tana sauka 3G ko 2G ta amsa sannan ta koma, don haka wanda ya ɗaure wayarsa a kan 4G kaɗai yana iya samun intanet mai gudu amma a riƙa ce wa masu kiransa ba a samunsa. Daga baya na gane cewa haka ta faru da wani a majalisarmu, wanda ya yi wata guda yana zargin mutane da ƙaryar sun kira shi. Na kuma lura da kaina cewa idan wayar ta kwana a kan teburin batir yana zubewa, bayanta ya yi ɗumi, saboda tana ta faman neman rezo da dukan ƙarfinta. Akwai kuma abin da saiti ba ya gyarawa: bayan sallar Isha'i lambar tana nan a 88 a ƙarƙashin rumfa, amma bidiyo yana tsayawa, domin unguwa duka ta hau ƙarfen rezo ɗaya a lokaci ɗaya, da asuba kuwa sai ya tafi kamar ruwa. Haka ma idan aka daɗe da ɗauke wuta, wani lokaci rezo yana raunana a unguwa baki ɗaya, kuma alamar ita ce maƙwabci ma yana kuka.

Abu biyu suka biyo baya, ƙanana. Forfe na farko da ya yi aiki ya ƙare cikin dare ɗaya, domin wayar ta kama sabunta manhajojinta da kanta, sai da aka hana ta yin haka in ba an haɗa ta da intanet na gida ko na ofis ba, aka kuma hana WhatsApp sauko da bidiyon zaure ba tare da na danna ba. Sannan da na je ta'aziyya wani ƙauye bayan Matamaye, kusa da Ɗan Barto, wayar ta kama rezon wani kamfanin Nijeriya, harafin R, alamar waya ta hau rezon ƙasar waje, ya fito a sama, har da saƙon maraba, alhali ƙafata tana cikin Nijar. Na shiga wurin zaɓen kamfani na kashe zaɓin kai-tsaye na nuna mata nawa da hannu, na kuma tabbatar intanet na yawo a ƙasar waje a kashe yake.

Da na zauna na yi lissafi, abin da na kashe bayan kuɗin waya ya kusa jika 10, kuma abin da ya zama dole a ciki, wato sabon sim da hoton katuna da kuɗin motar Yaya da kabu-kabu zuwa ajans, bai wuce jika 3 da ƴan kai ba. Da zan sake, tun a shago zan ce a kashe intanet ɗinsu a gwada wayar da layina da forfe ɗina, in ga saƙo ya tafi kafin in miƙa kuɗi. Ba zan bari a yanka sim ba, zan fara zuwa ajans, kuma kafin nan zan bincika da sunan wa layin yake. Idan rezo ya ƙi, gwajin farko shi ne na musanya, layin wani a wayata, layina a wayar wani, domin shi ne ke raba laifin waya da na sim cikin minti biyu. Bayansa a duba wane sim aka ba intanet, a duba APN, a duba nau'in rezo, a fita waje a karanta lambar nan mai alamar ragi, kowanne shi kaɗai. Akwai ma wurin maida saitin rezo kaɗai yadda ya zo, wanda ke goge lambobin sirrin intanet na gida da abubuwan da aka haɗa ta Bluetooth amma ba ya taɓa hotuna, saɓanin wankin da aka yi mini. Mai gyara da sukudireba shi ne na ƙarshe, kuma ko shi sai garanti ya ƙare.

Yanzu na buga ƙusa a jikin tagar soron, uwargida ta ɗinka wa wayar ƴar jaka da ragowar atamfa, a nan take kwana a rataye, inda lambar ke tsayawa tsakanin 99 da 102, kuma saƙo yana shiga. Idan ɗiyata za ta kira da bidiyo, mun sa lokaci bayan sallar Asuba ranar Lahadi, ni da mahaifiyarta mu ɗauki tabarma mu koma ƙarƙashin rumfa.